Hukuncin Buga Maganar Da Ɗan Siyasa Ya Ce "Wannan Tsakaninmu Ne"

Tambaya: Malam, ni ɗan jarida ne a Abuja. Wani jigon siyasa ya kira mu gidansa a Asokoro. Ana tsakiyar hira ya ce a kashe rakoda, sannan ya caccaki abokan tafiyarsa a jam'iyya. Wayata tana ɗaukar maganarsa, bai sani ba. Edita ya matsa mini in buga. Ya halatta?

Amsa: Bismillahi. Ɗana, bai halatta ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya yi zance sannan ya waiga, to zancen amana ne. Waige kawai ke nan! Ina ga wanda ya buɗe baki ya ce a kashe na'ura, ka kuma ci gaba da zama? Zamanka yarda ne, Allah kuwa ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura. Barin wayar tana ɗauka yaudara ce ta biyu. Ka goge, ka nemi gafarar Allah. Kada kuma ka fake da "wata majiya ta shaida mana", sai in shi ya yarda da hakan. Ko ƙa'idojin aikinku da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana saɓa irin wannan yarjejeniya, editanka ma ya sani.

Za a ce ai Zaidu ɗan Arƙam ya kai wa Annabi (SAW) maganar shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu, Suratul Munafiƙun ta gaskata Zaidu. Haka ne. Amma Ɗan Ubayyu barazanar korar Annabi daga Madina ya yi, Zaidu kuma wurin mai ikon magance fitinar ya kai, bai shelanta a kasuwa ba. Da ɗan siyasar nan ya furta shirin zubar da jini, ko tayar da 'yan daba ranar zaɓe, ko wawure kuɗin talakawa, da amanar ta faɗi, ya zama dole ka sanar da hukuma, ka kuma bi diddigi ta wata hanya har ka sami hujjar da za ka buga. Abin da ka ji kuwa ɓacin rai ne tsakanin 'yan jam'iyya, yaɗa shi annamimanci ne, kuma na ga yadda kalma ɗaya ke kunna wuta a ƙasar nan.

Ka koma ka nemi izininsa. In ya ƙi, ka gaya wa editanka ka riga ka ɗauki alƙawari. Wallahu a'alam.