Sojan ruwa a ƙasar da babu teku

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ake kiran wasu rundunonin Faransa da suka zauna Sahel sojan ruwa, alhali daga Maraɗi har Agadas babu teku. Sojan ƙasa ne, suna kawai suka gada. Richelieu, wanda daga baya ya zama babban ministan sarkin Faransa, ya kafa tushensu a 1622 don yaƙi a cikin jiragen ruwa. A 1900 aka cire su daga ma'aikatar sojan ruwa, aka maida su rundunar mulkin mallaka, sai 1961 tsohon sunan ya dawo.

Aikinsu yaƙi nesa da gida, shi ya sa Afirka ta zame musu wurin zuwa. In kana son gane su, dubi alamar hula: ƙugiyar jirgin ruwa ce, launin zinari. Runduna ta 21, misali, barikinta na garin Fréjus, a kudancin Faransa.