Tambaya da amsa: Tsohon kalifana ya fara ƙarya wajen awo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gyaran injinan casar shinkafa da na ban-ruwa a Argungu. Ina da kalifa (caliper, wato ma'aunin kauri da faɗin ƙarfe) mai lamba, irin wanda ke nuna awo a ɗan gilashi, maigidana ne ya bar mini shi. Kwanan nan in na rufe bakinsa sai ya nuna milimita 0.06 maimakon sifili, wani lokaci kuma lambobin su yi ta rawa. Makon jiya na auna shaf (sandar ƙarfen da ke juyawa a inji), aka yanko mini bushi (zoben da shaf ke zama a ciki), ya zo da sako-sako. Akwai yadda ake saita shi, ko dai ya tashi aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar jefar da shi. Amma ka san cewa babu wani noti a cikinsa da ake murɗawa awo ya daidaita. Sifili kaɗai kake iya saitawa. Sauran aikin tsafta ne, da batir, da ɗaure sukurori in kan yana girgiɗi, da gwaji.

A ƙarƙashin takardar nan mai lambobi da ke manne a jikin sandar akwai siraran layukan tagulla. Kan da ke zamewa shi ma yana da nasa a bayan gilashin. Ba sa taɓa juna, ɗan canjin lantarkin da ke tsakaninsu na'urar ke ƙirgawa ta mayar milimita. Shi ya sa gumin hannu, baƙin mai, ko garin ƙarfe suke rikita ta. Kai kuwa ga ƙurar hunturu, ga dusar shinkafa, duk a wuri guda.

Fara da batir. Yawancinsu LR44 suke ci, wasu CR2032. In ƙarfinsa ya ragu, lambobi kan yi ta ƙiftawa ko tsalle. Cire shi, ka duba ƴan ƙarafan da yake zama a kai ko sun yi kore, ka kankare su a hankali, ka bar na'urar kamar minti ɗaya ba batir domin ta manta da ruɗewar da ta yi. In ka sami SR44 ya fi, girmansu ɗaya da LR44, amma ƙarfinsa ba ya raguwa sai dab da mutuwa.

Sai wanki. Ɗiga sifirit a tsumma mai laushi, ka goge sandar daga kai har wutsiya, ka zame kan sau da yawa, ka sake gogewa har tsumman ya daina baƙi. Ban da fetur, ban da tina, suna iya cin takardar da robar. Bakin kuma, sa farar takarda a tsakani, ka matse kaɗan, ka zare ta. Za ka yi mamakin baƙin layin da za ta fito da shi. Gashin kai ɗaya ma kaurinsa kan kai 0.06 ɗin da kake gani, balle ɓurɓushin ƙarfe.

Yanzu rufe bakin ka ɗaga shi sama ka kalli haske. In ba ka ga haske yana ratsawa ba, danna ZERO. In naka ƙirar kamfanin Mitutoyo ne mai maɓallin ORIGIN, shi za ka danne na ƴan daƙiƙu. Buɗe ka rufe sau goma, kowane karo ya dawo 0.00, ko ya kauce da 0.01.

In kuwa haske ya fito ta tsinin baki alhali gindin ya haɗu, ko dai bakin ya ci, ko ya taɓa faɗuwa, ko kan yana girgiɗi. Kama kan ka jijjiga. A samansa akwai ƙananan sukurori biyu da ke danne wani siririn ƙarfe a kan sandar. Ɗaure su har kan ya tsaya, sannan ka sassauta kaɗan-kaɗan har ya riƙa tafiya sumul ba wasa. Tsofaffin kalifa da yawa nan ciwonsu yake, mutane kuma sai su yi ta zargin lantarki.

Sifili ya zauna, amma wannan bai nuna yana faɗin gaskiya a milimita 40 ba. Ɗakunan gwaji suna da tubalan ƙarfe na musamman don haka. Kai kana da abin da ya ishe ka a shago: sabon boris na kirki. Boris mai lamba 6203 faɗinsa na waje milimita 40 ne, raminsa 17, kaurinsa 12. Lamba 6204 kuma 47, da 20, da 14. Faɗin waje da ramin su ne abin dogaro, don kuskurensu bai cika wuce 0.01 ba. Goge man jikinsa, ka auna wajen da babban baki, ramin da ƙananan kunnuwan sama. Ka tura boris ɗin can cikin baki, kada ka kama shi da tsini, kuma kada ka danna da ƙarfi, babban yatsa kan ƙara ko ya rage awo. Sabon kalifa na milimita 150 ma kuskuren 0.02 zuwa 0.03 aka yarje masa, don haka in ka ga 39.98 lafiyarsa lau.

In kuskuren iri ɗaya ne a ko'ina, koma kan bakin da sifilin. In yana ƙaruwa da nisan buɗewa, ko kuma a wuri guda kullum yake tsallen kusan milimita 5, layukan tagullar sun sami rauni a nan. Wannan ba ya gyaruwa a shago. Ajiye shi don awon da ba ya son tsanani, ka nemi wani don bushi da shaf.

Zafi ma yana da nasa. Ƙa'idar awo ta duniya a digiri 20 take, Argungu kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Shaf ɗin da ya fito daga inji ko ya sha rana ya kumbura. Bar shi da kalifan a inuwa ɗaya su huce tare. Kuma kada ka auna kusa da mai walda yana aiki, wutarsa kan rikita lambobin.

Tambaya: Malam, daga Gusau nake. Nawa kalifan ko na kashe shi, bayan ƴan watanni batir ya mutu. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Ba lallai ba. Masu arha da yawa gilashin kawai suke kashewa, cikin yana nan yana aiki don kada ya manta sifilinsa. In ba kullum kake awo ba, cire batirin ka ajiye shi a akwatin, in ka mayar sai ka rufe baki ka danna ZERO.