Me Ya Sa Tsakiyar Duniya Ba Ta Narke Ba?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa zafin tsakiyar duniya ya haura digiri 5,000, amma wai ƙarfen da ke can daskararre ne. Yaya ƙarfe zai sha wannan wuta bai narke ba? Daga wani ɗalibi a Daura.

Amsa: Madalla, ɗana, ka yi tambaya mai kyau. Narkewar abu ba ga zafi kaɗai ta dogara ba, har da nauyin da ke danne shi. A nan doron ƙasa ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538. A can ƙurya kuwa, daga zurfin kilomita 5,150 zuwa cibiya, matsin ya ninka na iskar da ke kanmu fiye da sau miliyan 3. Ƙwayoyin ƙarfen sun matsu ƙam, ba su da sararin kwarara, sai ya zauna a daskare duk da zafin. Sama da shi, daga kilomita 2,900 zuwa 5,150, matsin ya sassauta, ƙarfe da nikel suka zama ruwa. Jujjuyawar wannan ruwan ƙarfe ce ke haifar da maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas ɗin da ake duba alƙibla da shi.

Inda ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne babban sashen da ke tsakanin ɓawon ƙasa da ruwan ƙarfen. Da yawa suna ɗaukarsa narkakken dutse saboda aman wutar da suke gani a talabijin. Dutse ne daskararre, sai dai yana jan jiki, 'yan santimita a shekara. Kamar dunƙulen kwalta ne: ka buga masa guduma ya fashe, ka bar shi ajiye ya baje a hankali. Wurare kaɗan ne dutsen ke narkewa, galibi kusa da sama inda matsi ya ragu.

Ba da haƙa aka gano wannan ba, don rami mafi zurfi, na Kola a Rasha, kilomita 12 da 'yan kai ne. Girgizar ƙasa ce ta tona asirin. Wani nau'in igiyarta, wato motsin da take aikawa cikin ƙasa, ba ya ratsa ruwa, kuma a zurfin kilomita 2,900 yake tsayawa cak. A 1936 Inge Lehmann, masaniya 'yar Denmak, ta lura wasu igiyoyin suna dawowa daga can ciki, ta gane akwai wani curi dabam a tsakiya. Daga baya aka tabbatar daskararre ne.