Ku Tambaya Mu Amsa: Wace rigar ruwa ce ta dace da mai babur?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne, a Zariya nake zaune amma makarantarmu tana wani ƙauye a hanyar Giwa. Kullum da Boxer ɗina nake zuwa, tafiyar kusan minti 40. Bara rigar ruwa biyu na saya. Ɗaya ta yage a hammata tun kafin Agusta, ɗayar kuma ba ta yage ba, amma sai in isa aji gaban wandona a jiƙe, yara na ta ƙunshe dariya. Bana na shiga kasuwa na ga iri uku: burmemiya wadda ake zura kai ta rufe har babur, da riga da wando, sai jaket ɗin gwanjo masu rubutun Gore-Tex. Wacce zan ɗauka kafin marka ta kama?
Daga wani malamin makaranta, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Dariyar yaran nan na san ta, don ni ma manoma sun yi mini irinta. Shekara 11 na yi ina aikin malamin gona, ina bin ƙauyukan Soba da Ikara a kan babur, kuma rigunan ruwan da na kashe ba su ƙirguwa da yatsun hannu ɗaya.

Ka fara sanin wannan: yawancin rigunan da ke kasuwa don mai tafiyar ƙasa aka ɗinka su, wanda ruwa ke sauko masa daga sama. Ɗigon ruwan sama, komai girmansa, gudunsa bai wuce kamar kilomita 30 a awa ba. Kai kuma idan kana 60, kai ne kake afka wa ruwan, ta ƙirji da cinya yake dukanka, iska na tura shi cikin duk wata kafa da ya samu. Wanda ya gangaro daga ƙirjin naka kuma ba shi da wajen zuwa sai tsakanin cinyoyinka da kujera, ya taru ya yi ɗan tafki daidai inda ɗinkin wando ya haɗu. Ga asalin abin kunyar da kake sha a aji. Ba yadin ne ya yoye ba, ɗinki ne.

Burmemiya dai ka bar ta a wajen mai ita. Na san ta fi araha, kuma tana da daɗin zurawa idan ruwa ya ɓarke ba shiri. Amma da ka ɗan ja maƙura sai iska ta cika ta, ta riƙa fizgarka, ta rufe madubi, wani lokaci ta lulluɓe fitilar baya. Gefenta kuma yana lilo kusa da sarƙa. Wata rana a hanyar Soba, ana yayyafi, na ji an shaƙe ni ta baya kamar wani ya damƙi wuyan rigata. Ashe gefen burmemiyar ne ya shiga taya. Allah ya taimake ni ledar ta tsufa, ita ta yage maimakon ta kayar da ni. Na tsaya gefen titi jikina na ɓari, rabin rigar a nannaɗe jikin sarƙa, ɗaya gefen kuma ya narke ya manne a salansa yana wari. Tun daga ranar ban ƙara saka ta ba.

Riga da wando za ka saya. Sai dai su ma akwai na kirki akwai rariya, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Don haka kada ka tsaya kallon hoton da ke jikin leda. Ka sa a buɗe maka, ka juya rigar ciki ya koma waje, ka bi ɗinkin da ido. Duk inda allura ta bi, huda ce. Ta kirki za ka ga an bi bayan ɗinkin da wani siririn tef an manne shi, ko kuma ba a ɗinka ba sam, da zafi aka haɗe ledar. Idan ka ga zare tsirara a kafaɗa ko a tsakiyar wando, mayar masa da kayansa ko da zai rantse maka da abin da zai kashe shi. Sannan ka ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa. Inda ka ga haske na tsiyayowa ɗigo-ɗigo, nan ruwa zai bi.

Zif ɗin gaba ya zama da marfi a kansa mai maɓalli, don zif tsirara ƙofa ce. Wuya ya tashi har haɓa. Bakin hannu ya zama da roba mai kama wuyan hannu, in ba haka ba iska za ta kora ruwa har gwiwar hannunka. Wandon kuma ya hau har saman cibiya, kuma kar ya zama mai tsagar aljihu a gefe.

Abin da mutane ba sa yi, kuma shi ya fi komai: ka tafi kasuwar da babur ɗinka. Ka ɗora rigar a kan kayan da ka saba zuwa aiki da su, ka hau kujera, ka kama kan babur, ka ɗora ƙafa a mataki. A tsaye kowace riga daidai take. Da ka zauna za ka ga bayanta ya ɗage ƙugunka ya fito, hannu ya janye, ƙafar wando ta haura ƙauri. Rigarka ta bara da ta yage a hammata, ina kyautata zaton ta yi maka kaɗan ne, kullum kana miƙa hannu tana ɗamewa. Ɗauki wadda ta ɗara girmanka da lamba ɗaya.

Game da yadi, mai kaurin nan na roba da ake rubuta wa PVC ba ya yoyo, amma ba ya numfashi. Minti 40 a cikinsa idan ruwa ya ɗauke rana ta fito, gumi zai jiƙa ka kamar ba ka saka komai ba. Na nailan mai shafe a ciki ya fi sauƙi da rashin nauyi, sai dai shafen yana ɓarewa da tsufa. Ni don irin hanyarka, mai kaurin zan ɗauka, in riƙa cirewa da zarar sama ta washe. Wasu za ka ga an rubuta 5,000mm ko 10,000mm. Ma'anarsa tsayin ruwan da za a tara a bututu a kan yadin kafin ya fara ratsawa, mafi yawan lamba mafi juriya. Amma a kasuwarmu rubutu ba shi da tsada, na fi yarda da idona.

Gore-Tex kuwa abu ne na gaske. A Amurka wani mai suna Bob Gore ya gano shi a 1969: wata siririyar fata ce mai ƙananan huda, tururin gumi na fita amma ɗigon ruwa ba ya shiga. Matsalar, wanda ya iso Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci a dila ya riga ya ci duniya. Ka juya shi. In tef ɗin ɗinki na ɗagowa, ko cikin na zubo da fari-fari kamar amosani, ya gama aiki. In ya yi kyau, sayi fiya wata ɗaya ka tsiyaya a kafaɗar, hannunka na ciki, ka ƙirga zuwa 60. Mai kaya zai ɓata rai, ba komai. Ka guji masu kaurin auduga a ciki, don sanyin Turai aka yi su, sai dai ko mutumin Jos. Kuma ko ka dace, jaket ce kawai, wandon na nan yana jiranka.

Launi: ɗorawa ko ruwan lemo, mai zanen nan da ke ƙyalli in haske ya taɓa shi. Baƙar riga a cikin hadari, direban tirela ba zai gan ka ba sai ya iso kanka. Hular rigar ta shiga ƙarƙashin hular kwano, ba samanta ba. Ƙafa kuma takalmin roba mai dogon wuya, wandon ya sauko a kansa, ka ajiye takalmin aikinka a ofishin hedimasta. Ɗaura leda a ƙafa da wasu ke yi, santsi gare shi a kan birki.

In ka dawo gida ka juya ta ka rataye a inuwa. Cusa ta a jaka da danshi shi ke sa ta wari ta manne, rana kuma ta sa ta tsage. Ƙaramar yagewa, mai faci zai rufe maka da sholisho da guntun tsohuwar rigarka, saboda haka kar ka yar da ta bara.

TAMBAYA: Malam, ni maigida ne ke kai ni asibitin da nake aiki a bayan babur. Ina riƙe lema amma duk da haka hijabina jiƙewa yake.
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Funtuwa.

AMSA: Hajiya, lema a kan babur ba ta tare komai, kuma ranar da iska ta fizge ta, da hannu ɗaya kike riƙe da babur. Nemi doguwar rigar ruwa mai hannu da maɓalli, ki ɗora a kan hijabin. Kafin ya tayar da babur ki tattare gefen hijabi da na zani gaba ɗaya ki danne a ƙarƙashin cinyarki, kar ko kaɗan ya sauka wajen taya. Ki kuma ajiye hijabi ɗaya busasshe a wurin aiki har damina ta fita.