Ƙanena na Tawa, kada ka canza MAME, duba ƙarƙashin sandar tukuna

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena na Tawa, tun shekaranjiya na ga tambayarka, aiki ne ya riƙe ni a shago. Ga waɗanda ba su gani ba: ya ce ya samu fuskar wani tsohon injin wasa na jeto, mai sanda biyu da maɓallai shida ga kowane ɗan wasa, ya jona ta da kwamfuta ta hanyar wasu ƙananan katuna biyu na USB, ya sa MAME, manhajar da ke buga tsofaffin wasannin injin jeto a kwamfuta. Street Fighter II na tafiya daidai. Amma a Pac-Man sanda ba ta jin magana a kwana, Arkanoid ba ya buguwa sam, kuma wani lokaci in ya kunna kwamfutar sai na hagu ya koma na dama. Yana tambaya ko ya nemi wata manhajar.

Kada ka nema. Ni mai gyaran tele ne a nan Yamai, kuma ina yaro na yi shekaru ina share wa wani ubangidana injunan gidan wasansa a wajen Wadata, ina buɗe su ina rufewa. Abin da ka lissafa duk na gamu da shi lokacin da na haɗa nawa akwatin. MAME, wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara fitarwa a 1997, aikinta kwaikwayon katin da ke cikin injin, kuma tana yin sa da kyau. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta mayar da sandarka irin abin da aka ƙera wasan dominsa. Kowane wasa da irin hannunsa aka gina shi.

Fara da Pac-Man, don nan ne mutane suka fi zargin manhaja ba da haƙƙi ba. Kifar da fuskar ka duba gindin sandar, za ka ga ƙananan makunnai huɗu: sama, ƙasa, hagu, dama. Sandar Street Fighter II, wasan Capcom na 1991, an bar mata fili ta danne biyu a lokaci guda, shi ya sa take da fuska takwas. Dole ne hakan, in ba haka ba ba za ka iya jan ƙasa, ƙasa da gaba, sannan gaba ka jefa wuta ba. Shi kuwa Pac-Man na Namco, na 1980, sandarsa fuska huɗu ce kawai, ƙarfen ma ba ya barin ta shiga kusurwa. Waɗanda suka rubuta wasan ba su taɓa tsammanin sama da dama za su zo tare ba. To kai yanzu in za ka juya daga sama zuwa dama, hannunka na ratsawa ta kusurwa, makunni biyu su rufe na ɗan ƙiftawar ido. MAME na ƙoƙarin ta canki wanda kake nufi, sau da yawa ta dace, wani lokaci ta kuskure, sai ka wuce kwanar, dodo ya cim ma. Donkey Kong na 1981 haka yake, sai ka ga mutumin ya tsaya cak a tsakiyar tsani.

Maganin a hannu yake. In sandarka Sanwa JLF ce ta Japan, akwai faranti na roba mai haske a gindinta, tsakiyarsa na juyawa. Ka ciro shi, ka murɗa tsakiyar har ramin mai kusurwa huɗu ya karkace ya tsaya a kan tsininsa, ka mayar. Ta zama mai fuska huɗu ke nan. In ba ta da wannan faranti, kana iya yanka irinsa da roba mai kauri. Sai dai ka sani daga ranar Street Fighter ya lalace a wannan sandar. Abin da na yi, na sa kafinta ya huda mini wuri a tsakiyar fuskar, na dasa sanda ta uku mai fuska huɗu, na jona wayoyinta a kan na ɗan wasa na ɗaya. Babu wani saiti da na taɓa a kwamfuta. Mai son faɗa ya kama ta gefe, mai son tsofaffin wasanni ya kama ta tsakiya.

Arkanoid kuma ba maganar sanda ba ce ko kaɗan. Taito ta fitar da shi a 1986 da wani dunƙulen ƙarfe da ake murɗawa, kamar na neman tasha a rediyo, amma shi ba ya da iyaka. A cikinsa akwai faifai mai haƙora da ke wucewa tsakanin ɗan fitila da idon da ke ganin haske, injin na ƙirga haƙoran da suka wuce. Ka murɗa da sauri, sandar tare ƙwallon ta ruga. Ka murɗa a hankali, ta rarrafa. Maɓalli kuwa abu biyu kawai ya sani, a danne ko a sake, don haka in ka buga da sanda gudu ɗaya MAME za ta ba ka, ko ya yi maka yawa ko ya yi kaɗan. Tempest na Atari ma da irin wannan dunƙule ake bugawa. Centipede da Missile Command ƙwallo ne ake mirginawa da tafin hannu, shi ma ƙirgar haƙora ce, sai dai ta fuska biyu.

Ga abin da ya fi faranta mini rai a duk aikin nan. Tsohon linzamin kwamfuta, mai ƙwallon roba a ciki, da wannan dabarar ce tak aka yi shi: faifai biyu masu haƙora, kowanne da idonsa. Na samo guda a kasuwar Katako cikin tarkacen da aka zube ƙasa. Na ciro kan tsohon bidiyo na kaset, wannan gangar azurfa mai juyawa sumul, don tana da nauyi kuma ba ta girgiza. Na manna faifai mai haƙora a ƙasanta, na daidaita idon linzamin na hagu da dama a bakin haƙoran. Kwamfuta na ganin sa a matsayin linzami kawai. Sai ka buɗe mame.ini, fayil ɗin saitin MAME, layin mouse ka sa 1, layin dial_device ka rubuta mouse, in ƙwallo ne kuma trackball_device. Cikin wasan ka danna Tab, ka shiga wurin saitin analog, ka rage ko ka ƙara sensitivity har ya yi daidai da hannunka. Yi wa kowane wasa nasa, domin dunƙulen Arkanoid na asali yana da giya a ciki, juyi ɗaya nasa na ba da ƙirga ninkin na Tempest sau da yawa. MAME na ajiye saitin kowane wasa daban a jakar cfg. In ka ga ka murɗa da ƙarfi abin ya koma baya, lambar ta yi yawa ne, sauke ta. Ranar da na fara buga Arkanoid da wannan gangar, na daɗe a zaune ban tashi ba, hannuna ya tuna abin da ya sani tun ina yaro.

Wasannin mota ma ka lura kafin ka sayi sitiyari. Na OutRun na 1986 yana da iyaka hagu da dama, abin da ke cikinsa irin na ƙara muryar rediyo ne, yana gaya wa injin inda sitiyarin ya tsaya. Na Pole Position na 1982 juyawa yake ba iyaka, ɗan'uwan dunƙulen Arkanoid ne, gangar nan ma za ta tuƙa shi.

Sai musayar wuri, wato na hagu ya koma na dama. Katunan naka biyu iri ɗaya ne, sunansu ɗaya, lambarsu ɗaya. Windows na jera su ne yadda suka amsa mata a lokacin kunnawa, MAME kuma ta kira na farko Joy 1, na biyu Joy 2. In wuta ta ɗauke ta dawo, jerin na iya sauyawa. Akwai hanyar ɗaure kowanne a wurinsa da mapdevice cikin fayil na jakar ctrlr, amma tana so katunan su bambanta da juna. Mafi sauƙi, ka canza ɗaya da na wani kamfani, ko ka nemi kati guda mai ɗaukar mutum biyu. Wanda na fi amincewa da shi shi ne mai shiga kwamfuta a matsayin klabiye, irin I-PAC na kamfanin Ultimarc da ke Ingila, saboda ya zo daidai da maɓallan da MAME ta saba da su: 5 jefa jeto, 1 da 2 farawa, kibiyoyi ga ɗan wasa na ɗaya, Ctrl, Alt da Space maɓallansa uku na farko, R, F, D, G kuma sandar na biyu. Harafi ba ya musayar wuri.

Amma ina roƙonka kada ka fasa klabiyen banza ka liƙa wayoyi a kansa don tsimin kuɗi. Na yi, na sha wahala. An yi shi ne don mai rubutu, in aka danne maɓallai da yawa tare sai ya haɗiye wasu. Yara biyu suna tsakar faɗa a wasan, ɗaya ya danna naushi bai fita ba, ya ce ɗan'uwansa ya yi masa maguɗi, har suka kai ga cacar baki ta gaske. Yaron da ya ba da dala biyar ɗinsa yana da haƙƙi maɓallinsa ya amsa.

In fuskar ta zo da tarin wayoyinta da wani dogon baki mai haƙora 56, 28 kowane gefe, kada ka yanke shi. JAMMA ke nan, tsarin da kamfanonin Japan suka amince da shi a tsakiyar shekarun 1980 don a riƙa canza katin wasa ba tare da an canza akwati ba. Maɓalli uku kawai yake ɗauka ga kowane mutum, shi ya sa na harbi da ƙafa a Street Fighter II suke da tasu wayar daban. Ana samun katin da ke jona wannan bakin kai tsaye da kwamfuta, wata rana za ka so shi.

Ba ka ambaci allo ba. In tele na zamani ne, nemi yanayin wasa a saitinsa ka kunna. Yawancin wasannin nan hoto wajen 60 suke zubawa a daƙiƙa, telen da ke tsayawa gyara hoto kuwa na jinkirta shi, sai ka ɗauka sandar ce ke nauyi. Bindigar haske irin ta Time Crisis ta 1995 ba za ta yi aiki a kansa ba, tana bin layin hasken tsohon tele mai ƙugu ne. In kuma akwatin ya zo da nasa mai ƙugun, don Allah kada ka sa hannu a bayansa. Yana riƙe wuta mai ƙarfi ko an zare shi daga bango, kira mai gyaran tele ya sauke ta tukuna.

Ƙurar Tawa kuwa ka fi ni sanin ta. In hunturu ya shigo, idon gangar ne zai fara makancewa, ka riƙa share shi da auduga da ɗan alkol, ka rufe fuskar da zane da dare. Makunnin da ya fara ƙin amsawa, gwada shi da mita: ƙafarsa da aka rubuta wa COM ita ke zuwa wayar ƙasa da ta zagaya duka, ɗayar wayar a ƙafar da aka rubuta wa NO take, ba mai NC ba. In ka sa a NC, wasan zai ga maɓallin a danne har abada.

Ɗauko mini hoton gindin sandunan biyu da na katunan ka turo nan, in ga ko farantin naka mai juyawa ne. Ina da kan bidiyo guda biyu a ajiye a shago, in ka samu mai zuwa Yamai ya biyo ya karɓar maka ɗaya.