Tambayi Likita: Ɗan ƙwallon da ke jikin tukunyar oksijin

Tambaya: Likita, mahaifina yana kan iskar oksijin a gida. Mene ne aikin ɗan ƙwallon da ke shawagi cikin gilashi? (Mai jinya, Gwammaja)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ƙwallon ne ke nuna lita nawa na oksijin ke fita a minti ɗaya. Duba gilashin da kyau, cikinsa matsattse ne a ƙasa, yana buɗewa a hankali zuwa sama. Nauyin ƙwallon na jan sa ƙasa, iskar da ke tasowa na tura shi sama. Iskar kuma tana rage masa nauyi, kamar yadda guga ke sauƙi muddin yana cikin ruwan rijiya, sai dai wannan kaɗan ne ƙwarai a iska. Da ya hau, hanyar da ke gefensa za ta faɗaɗa, turin ya ragu, sai ya tsaya inda ƙarfin biyu suka yi kunnen doki. Lambar wajen ita ce adadin.

Ki sunkuya idonki ya yi saitin ƙwallon, ki karanta lambar da ke daidai tsakiyarsa. Gilashin kuma ya tsaya a miƙe, in ya karkace lissafi ya ɓaci.

Tambaya: In numfashin Hajiyarmu ya tsananta, zan iya ƙara murɗa makunnin oksijin ɗin? (Daga Kurna)

Amsa: Don Allah, Malam, kada ka ƙara da kanka. Oksijin magani ne, yana da ƙa'ida. Masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu ana so ma'aunin oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa ya nuna kashi 88 zuwa 92 cikin ɗari ne, kuma yawan iskar na iya sa su barci mai nauyi, numfashi ya yi rauni. Tsanantar numfashi alama ce ta a tafi asibiti nan take.

Tambaya: Injinmu mai samar da oksijin na aiki amma ƙwallon ya sauka. (Daga Hotoro)

Amsa: Bi robar da ke kai iskar hanci da hannu, sau da yawa ƙafar gado ce ta danne ta. Duba soson tace iska da ke bayan injin, ƙurar hunturun Kano na toshe shi, a wanke, ya bushe sarai kafin a mayar. In bai tashi ba, koma kan tukunya, ka kira mai gyara. Turaren wuta, garwashi da sigari kuwa, kada su shiga ɗakin.