Guruf ɗin malamai ya cika min waya amma ban ƙaru ba

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ƴar kwantaragi ce, an turo ni wani ƙauye bayan Mirriya ina riƙe da CE1 (aji uku na firamare), mu uku ne kawai a lakol ɗin har da direkta. An saka ni a guruf-guruf na malamai a WhatsApp amma wlh ba abin da ake sai barka da Juma'a da cigiyar ko albashi ya shigo, forfe ɗina sai ƙarewa yake a banza. Dan Allah ta yaya zan samu waɗanda zan rinƙa koyon aiki wurinsu ta waya?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara haƙuri, zaman ƙauye da CE1 ba wasa ba. Waɗancan guruf ɗin kar ki fita, nan ne za ki ji labarin albashi da sauyin wurin aiki, amma ki shiga saitin WhatsApp ki kashe saukar hoto da bidiyo da kansu, su ne ke shanye miki forfe. Koyon aiki kam ba a can yake ba. Guruf ɗaya na iya ɗaukar mutum 1024, to wa zai fito gaban wannan taro ya ce bai iya koyar da ragi mai aro ba, bayan anspekta da konseye (mai ba malamai shawara kan koyarwa) duk suna ciki suna karantawa? Kowa kare mutuncinsa yake.

Ki haɗa naki ƙarami, mutum shida zuwa goma, duk masu riƙe da CE1 ko CE2 (aji huɗu). Ba sai kin je nesa ba, ranar CAPED, wato taron da malaman yanki ke yi don ƙara wa juna sani, ki lura da wanda in ya yi magana kin san ya sha alli, ki karɓi lambarsa, ki ƙara da ƴan ajinku na École Normale Askia Mohamed in nan Damagaram kika yi, yanzu sun watsu wani Magariya wani Gure wani Tanut, kuma manhaja ɗaya kuke bi mako ɗaya. Sannan ke za ki fara bayarwa. Ki ɗauki hoton fish ɗin darasin da kika shirya, ki ce gobe zan koyar da wannan, wurin 52 a cire 27 yara na juya lambobin suna cire 2 daga 7, ku ya kuke yi? Irin wannan tambayar tana samun amsa, wani zai ce ki ɗaure karan dawa goma-goma yara su kwance ɗauri ɗaya da hannunsu, wata ta turo murya ta minti biyu. Amma "a taimaka min da lissafi" ba mai tanka miki.

Maganar rezo na sani, wani wurin sai an hau tudu, ga wutar Nigelec ba ta kai ba sai cajin sola. Ki tara tambayoyinki, ranar da kika shigo Zinder ki sauke komai lokaci guda, sauran ku tura wa juna ta Xender ko Bluetooth ba ko dala. Akwai darussan TESSA da Faransanci kyauta a intanet, an yi su ne domin malaman Afirka, ki sauke PDF ki ajiye. A Facebook kuma ki leƙa wurin malaman Kano da Katsina, tunda a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, dabarunsu na koyar da karatu da Hausa za su yi miki amfani, sai dai manhajarsu daban da tamu, ki ɗauki dabara ki bar jadawali.

Hoton yara kuma kar ki saka fuskarsu ko sunansu, allo ko kaye ya isa. Duk wanda ya turo cewa ga horo da satifika ta intanet a tura jika biyar tukuna, ki tambayi konseyenku kafin ki taɓa kuɗinki.